A Bar Mana Ɗakin Karatu, Ga Makulli

Shugaban wannan taro, Allah ya ƙara maka haƙuri da mu. Dattawan kwamitin unguwa. Malamarmu, wadda sa'ar 'ya'yanmu ce amma in ta yi gyaran murya sai mu nutsu. Iyaye mata da ke can baya suna jiran in yi tuntuɓen harshe. 'Yan ajinmu masu furfura. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni minti biyar. Wanda ya ba tsoho minti biyar ya san rabin sa'a ya bayar, Allah ya saka masa.

Magana ɗaya ce ta tara mu: kwamiti yana so ya mayar da ɗakin da muke koyon Turanci ma'ajiyar kujerun haya. Ni aka turo roƙo, ba don na fi kowa hikima ba, sai don na fi kowa sauran haƙora.

Da farko, ku ji abin da muke yi a ɗakin nan. Shekara talatin da huɗu na yi a maɗaba'a ina jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, duka na Turanci, ban san ma'anar ko kalma goma ba. Da aka buɗe aji sai na kawo akwatin haruffana. Malama takan ba kowa haruffa iri ɗaya, mu dangwala a tawada mu buga a takarda, kowa ya nemo kalma ya faɗi ma'anarta. Ran nan ta ba mu guda huɗu. Tsohon direba, ga shi can yana gyara hula, ya fito da stop, wato tsaya, ya ce, "Wannan na san shi, shekara talatin ina wuce shi a guje." Tsohon ma'aikacin gidan waya ya fito da post, wato aika wasiƙa. Uwar 'ya'yana ta jujjuya nata ta samo pots, tukwane ke nan, ta dube mu ta ce, "Kowa dai inda ya tsufa, can hannunsa ya mayar da shi."

Na biyu, an kai ƙara cewa muna faɗa a aji. Gaskiya ne, amma ku ji tushen. Mai jera haruffa a kife yake karatu, haka aikin yake. In aka miƙo mini littafi daidai sai in yi ta in'ina, in aka juya shi kai ƙasa sai in zuba kamar ruwan famfo. Malama ba ta sani ba, ta zaunar da ni ina fuskantar direba. Wata uku takardarsa ta fi tawa fitowa a idona. Ranar da asiri ya tonu ya miƙe ya ce, "Malama, wannan tsohon da gumina yake ci!" Na ce, "Wane gumi? Kai ka ja mini na zo na bakwai." Mu takwas ne a ajin. Kada ku tambayi wanda ya zo na takwas.

Na uku kuwa, ku ɗan rage dariya. Wata rana manajan maɗaba'a ya ba ni takarda in jera. Na jera ta tsaf, babu kuskure ko ɗaya, na buga guda arba'in, na manna ɗaya a ƙofa da hannuna. Na ga sunana a ciki, na ɗauka yabo ne. Sai wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce, "Ka san abin da ka buga? Takardar sallamarmu ce." Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Ba na so in sake sa hannu a takarda, ko ta asibiti ko ta gida, ina murmushi ban san abin da take cewa ba. Ba na so wa direba haka, duk da halinsa.

Kujeru ma suna da hakki, ruwa yana dukansu, kwamiti bai yi laifi ba. Kuma ba a zuwa roƙo hannu rabbana. Akwai shago a ƙofar gidana, inda tsohon injin da aka sallame ni da shi yake zaune. Shekara goma sha biyu ina goge shi, ina sa masa mai kowane mako. Uwar 'ya'yana tana kiransa "babban ɗanka da ba ya aikin fari balle na baƙi". Jiya na kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Yau da safe ya zo da mota ya ɗauke shi. Ban fito na gani ba.

Ranka ya daɗe, ga makullin shagon, na ajiye a gabanka. Direba ya auna da takunsa ya ce kujera ɗari biyu za su shiga, saboda haka ku lissafa ɗari da hamsin. Ku kai kujeru can, ku bar mana ɗakinmu.

Allah ya ba kwamiti ikon yanke shawara ta alheri. Allah ya ƙara wa Malama juriya, ya ƙara wa idanunmu haske. Allah ya sa mu san abin da hannunmu yake rubutawa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.