Akuyar Fansar Liman

Kan benci ɗaya suke jiran kira a ofishin ’yan sandan Anka, inda ake binciken wani liman da ya ce ɓarayin daji sun sace shi. Inna Kulu ta juyo ga dattijon da ke gefenta.

"Malam, kai ma shaida kaz zo badawa?"

"Belin Liman niz zo yi, Inna. Ki ji tsoron Allah, naman malami guba ne."

"Ni ma shaida niz zo badawa. Naman akuyata hwa? Da anka ce a haɗa fansa, ita ɗai gare ni, nib ba da. Ɗana Manu da sunka kwashe bara, awa tsinke yad dawo. Liman ko har wuya ya aje!"

"Addu'a ce ta tsare shi."

"Addu'ar ce ta kai akuyata gidan surukin Liman a Gummi? Ina wucewa nik kira ta, ta amsa mani ta bayan danga."

"Ƙarya kike! Akuyar da ko kuka ba ta yi ba tun da anka kawo mani ita!"

Inna Kulu ta dube shi sama da ƙasa, ta damƙe bakin rigarsa.

"Sannu, suruki. Tashi mu shiga tare."