Akushin Cikin Gilashi

A tashar Safana, motar Batsari na jiran cika. Almustapha, malamin firamare da ya dawo daga hutu a Kano, yana duba hotuna a wayarsa, sai wata tsohuwa da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗana, wannan ba akushi ba ne?"

"Shi ne, Inna. Gidan tarihi na je a Kano. Cikin gilashi yake, ko taɓa shi ba a yi."

"To yaya ake cin tuwon?"

"Ai ba na cin tuwo ba ne, na kallo ne. Har layi ake yi."

"Ikon Allah! Ka bar Safana ka tafi Kano kallon akushi? Ai wannan yaro ne. Na uwata ya ninka shi. Ranar gayya duk majiya ƙarfin gidanmu shi suke zagayewa."

"Yana nan, Inna? Ki bari in zo in ɗauki hotonsa."

"Ka zo ina? Yana can ƙauyenmu, ƙarƙashin gado. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, jikoki na ɗauka, ba akushi ba. Har yau ba wanda ya koma."

Almustapha ya yi kamar zai mai da wayar aljihu.

"Tsaya tukuna. Wane ne wannan mai kaki a bayansa?"

"Mai gadi ne, Inna."

"Na akushin?"

"Na kayan duka."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta gyara lulluɓinta.

"To madalla. Shi dai ya samu mai tsaronsa."