Ƙofofin Tsamiyar Goje

A tashar Gumel ne, ranar da na dawo daga zaman makokin ƙanena. Wani mutum mai kyamara a wuya ya zauna kusa da wata tsohuwa mai ƙullin kaya, ina bayansu ina ji.

"Inna, direba ya ce ke 'yar Tsamiyar Goje ce. So nake in sayi fili a can, in gina masaukin masu yawon buɗe ido. Akwai zaman lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ko kare ba zai yi maka haushi ba."

"Madalla! An ce ko ƙofa ba ku kullewa."

"Ina ƙofar take? Tun da rijiyarmu ta ƙafe, duk wanda zai tashi sai ya cire ƙofarsa da kwanon rufinsa ya ɗora a amalanke."

"Ai zan haƙa burtsatse."

"To, baƙinka za su sha."

Sai ta ƙara da cewa, "In da gaske za ka, ina da roƙo. Kabarin maigidana yana gabas da tsamiya. Iska ta kwashe ƙayar da na kewaye shi da ita, ƙarfina bai kai in saro wata ba. Ka sa a mayar, kada shanu su tattake shi."

"Ba komai, Inna. Wa zan tambaya ya nuna mini?"

"Babu wanda za ka tambaya. Ni kaɗai na rage, ga ni kuma a tasha."