Ranar da Bakin Yusha'u Ya Mutu

A tashar motar Yelwa, bayan ruwan dam ɗin Kainji ya ci tsibirai, na ji wata mai busasshen kifi tana jan wani saurayi da hira.

"Ɗan nan, ka san Yusha'u, ɗan jami'ar Zariya? Ni ban taɓa ganinsa ba. Mazanmu suka ɗauko shi daga Ngaski don ya gaya wa Baturen dam mu masunta ne, a zaunar da mu bakin ruwa. Wallahi ko uffan bai ce ba!"

"Ko uffan, Inna?"

"Sai zufa! Ga mu can bisa tudu, jiragenmu na tsagewa a rana. Girman kan 'yan boko ne."

"Ba girman kai ba ne. Ranar da ya fara Turanci a aji, aka kwashe da dariya, har malamin. Shekara biyu bai sake buɗe baki ba, sai dai rubutu."

"Innalillahi! Shekara biyu? Me ya hana shi gaya muna?"

"Ana ta yi masa kirari, ina zai fara?"

"Kai ina ka san wannan?"

Saurayin ya sauko daga benci, ya durƙusa.

"Ni ne, Inna. Na haddace maganar tsaf, tsoro ya ɗaure mani harshe. Ku yafe mani."