Jar Ƙasar Filin Besbol Ta Daina Zuwa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa da masu sauraro. Ni ne Mamman, mutumin Maraɗi, daga Abhur a Jidda.

Ni ke kula da filin wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da gora a ruga da gudu. Kamfaninsu ne kafilina, wato shi ya tsaya min nake zama da aiki a ƙasar nan.

Akwai Baba Usman, dattijo Bahaushen Sudan, mai wanke musu riguna tun suna wata ƙasa. Rannan ya ba ni tarihinsu. Ya ce garuruwa uku suka zauna kafin nan, kuma ba su taɓa yi wa ma'aikatan fili sallama ba. 'Yan wasa su hau jirgi, masu ban ruwa su wayi gari ba aiki.

Na ce, "Baba, ba wata alama?"

Ya ce, "Akwai. Jar ƙasar da ake zubawa a tudun da mai jefa ƙwallo ke tsayawa duk wata. Ran da ta daina zuwa, halas, tashi za su yi."

Malama, watan jiya ba a kawo ba. Na tambayi mudir, wato manajanmu, ya yi min dariya ya ce, "Yalla, yayyafa ruwa kawai." Tudun har ya tsage. Jiya kuma na tarar da Baba Usman yana jera riguna a akwati, ya ƙi haɗa ido da ni.

Matata da 'ya'yana suna kan iƙamata, wato takardar izinin zamana. Jama'a, ku ba ni shawara: in nemi canjin kafili tun yanzu, ko in ci gaba da shayar da ciyawar da ba wanda zai sake takawa?