Kazar Sallah a Teburin Musye

Kuɗin tafiyata Dubai, keke-napep ɗina na sayar, yayata Hajara ta cika mini sauran. Ejan da ya shirya mini tafiyar ya ce aikin otel ne. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi wane lungu na otel ɗin ba. Wanke-wanke na tarar, a wani gidan abincin Faransawa da suke kira bistoro, rabi wurin ci, rabi mashaya. Kwana kuwa a Muhaisnah, unguwar leburori, gado bisa gado.

Kai Habu ɗan wana, rufe bakinka, ku yara ba ku ji komai ba tukuna. Mutanen nan dodon koɗi suke ci. Su zuba masa man shanu da tafarnuwa, su raɗa masa suna eskargo, mai kuɗi ya zauna yana zaƙulo shi da ɗan tsinke. Nama kuma da jininsa ake kawowa. Ni ke wanke farantan, na san abin da nake faɗa.

Manajanmu wani dogon Bafaranshe ne, kowa Musye yake ce masa. Dokarsa ita ce ma'aikaci ta ƙofar baya zai shiga, kusa da bola, kuma kada baƙi su ga ƙeyarsa. Na haƙura da wannan, mai nema ba ya fushi. Da Babbar Sallah ta matso na roƙe shi hutun yini ɗaya, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ranar ciniki ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun da aka haife ni ban taɓa yin Sallah ban sa sabon kaya na ci nama a zaune ba. Rafik, ɗan Bangaladash mai yanka albasa, ya tuna mini bizata a hannun kamfani take, in aka kore ni sai gida. Na ce na ji.

Ranar na je idi, na sa shaddata da hula, na fesa turaren da na sayo a kasuwar Murshid Bazaar, na doshi ƙofar gaba. Yarinyar da ke tarbar baƙi ba ta gane ni ba, har da rusunawa ta kai ni teburin bakin taga. Na baje riga na zauna. Sai ga Musye.

"Sani, me kake yi a nan?"

"Sallah nake yi, ranka ya daɗe. A kawo kaza."

Ya sunkuyo ya ce in ban tashi ba aikina ya ƙare. Ana haka wasu Larabawa a teburin kusa suka yi mini barka da Sallah, na amsa da fara'a. Dole ya saki murmushin yaƙe ya wuce, don ba a korar baƙo a gaban baƙi.

Gasasshiyar kaza da dankali na zaɓa, na san ba a zuba musu giya. An jera mini cokula da wuƙaƙe kamar kayan wanzami. Na ture su gefe, na sa aka kawo ruwa na wanke hannu, na yi bisimilla. Har ƙashi na tauna, na kuma biya da kuɗina.

Da na gama na zagaya baya don in yi wa Rafik sallama. Farantai sun yi tsibi, babu mai wankewa, ga Musye ya naɗe hannun riga yana ta fama da soso. Nawa farantin ne a hannunsa. Na ce masa ya ƙara ruwan zafi, maiƙon kaza ba ya fita da na sanyi.

Suka soke bizar, na dawo Kano da jaka ɗaya. Babanku har yau cewa yake na yi asarar aiki saboda kaza guda. Na yi, ban musa ba. Amma ku tambaye shi, duk danginmu wa Bature ya taɓa wanke wa faranti?