Wadda ta jira ni a ƙofar majami'a

Salama alaikum Malam mai gabatar da shiri, ya aiki, ya iyali? Sunana Rifkatu, malamar lakkol ce ni, wato makarantar boko, daga unguwar Lazaret nake rubuto maka.

Ina da shekara tara mahaifiyata ta rasu. Mu Kirista ne ƴan Dogondutsi, babana kuwa aikin asibiti yake, ko Lahadi ba ya samun zama. Sai maƙwabciyarmu Tanti Hamsatu, Bazabarma kuma Musulma, ta ɗauke ni. Duk safiyar Lahadi takan gyara mini kitso, ta riƙe hannuna har ƙofar majami'a, ta zauna gindin dogon yaro tana jan carbi har mu tashi.

Wata rana na ce, "Tanti, in riƙa binki masallaci mana, ki huta da wannan zama."

Ta ce, "A'a ɗiyata. Amana ce ke a hannuna. Inda uwarki take kai ki, nan zan kai ki."

Yanzu ta tsufa, ba ta gani. Duk Juma'a ni nake kama hannunta zuwa masallaci, in zauna waje har a sallame. Wasu suna tsegumi, wai me ya kai ni can. Ban taɓa tanka musu ba, shi ya sa na rubuto su ji.

Malam, na san rediyo yana kusa da kunnenta yanzu. Ka gaishe mini da ita, ka ce fofo Tanti, irin gaisuwarsu ta Zabarmawa. Ka gaya mata Juma'a ta shirya da wuri, ɗiyarta tana nan tafe.